Hoton Inna mai ƙosai ya jawo mini rigima a unguwa

Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, haifaffen cikin birnin Kano, a wani lungu da ke gindin Dala. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan unguwarmu, da farko da waya, daga baya na tara kuɗi na sayi kyamara ta hannu. Ina ɗaukar 'yan garuwa, masu shayi, yaran makarantar allo, tsofaffi a dakali. Watan jiya da sassafe na ɗauki wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin lungunmu, wadda duk muke ce wa Inna, tare da 'yarta budurwa tana zuba wa masu saye. Ban tambaye su ba, don kada su gyara zama hoton ya lalace. Na sa a Facebook, kafin kwana biyu ya karaɗe ko'ina. Wasu na yabo, wasu samari na tambayar lambar yarinyar, wani ma ya kwafe hoton ya liƙa lambar asusun bankinsa wai a taimaka wa uwar marayu. Ita kuwa yarinyar an sa mata rana, kuma dangin mijin sun gani. Yayanta ya zo har zaurenmu ya yi mini tas. Babana ya ce in ya sake ganina da kyamara a unguwa sai ya fasa ta. Inna ta daina amsa gaisuwata. Ni dai a titi na ɗauka, ban shiga gidan kowa ba, ban rubuta mummunar magana ba. Abokaina sun ce kada in goge, don shi ne hoto mafi kyau da na taɓa yi. Anti, laifina ne? Ko in haƙura da ɗaukar hoto gaba ɗaya?

Ɗan cikin badala, Kano.

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Tambaya biyu ka yi. Laifinka ne? E, laifinka ne. Ka haƙura da ɗaukar hoto? A'a. Amma a kan ta farkon zan fi daɗewa, domin na lura har yanzu kana neman wanda zai wanke ka, kuma ba ni ba ce.

Ka ce a titi ka ɗauka. Ɗana, bakin lungu ba titin Gidan Zu ba ne. Wurin da Inna take girka murhunta tun kafin a idar da sallar asuba, wurin nan tsakar gidanta ne da ya ɗan leƙo waje. Su wa suke ganinta a can? Mutanen da suka san ta. Sun san mijinta, sun je jana'izarsa, sun san da wannan kaskon ta aurar da manyan 'ya'yanta, ta sa ƙananan a makaranta. In suka dube ta, mace mai rufin asiri suke gani. Da ka ɗauke ta ka kai gaban baƙin ido, wannan sanin duk ka bar shi a lungu. Abin da ya isa gare su hayaƙi ne da tsohon zani da fuskar da wuta ta gasa. Shi ya sa wani ya dubi hoton ya ga abin bara. Matar da ta yi shekaru tana tashi cikin sanyin hunturu tana buga ƙullu don kada ta roƙi kowa, yau an wayi gari ana roƙo da fuskarta. Ka ce ba ka rubuta mummunar magana ba. Gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kai ne ka tsaga bangon.

Ita kuma yarinyar, ka tsaya ka yi tunanin ƙanwarka. An kawo sadakinta, an sa rana, sai surukanta suka buɗe waya suka tarar da ƙarti suna rubuta "wa zai ba ni lambarta" a ƙarƙashin hotonta. Me za ka yi wa wanda ya ɗora? Na san amsar. Wanzami ba ya son jarfa. Don haka yayanta da ya zo zaurenku ya tsaya a kan magana kawai, ka gode wa Allah, ɗan mutunci ne.

Tunda ka kawo zancen titi kamar mai shirin zuwa kotu, bari in ɗan taɓa wannan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Lauyoyi za su iya kwana suna jayayya a kan inda hoton bakin hanya ya faɗa. Amma shari'arka ba a can za a yi ta ba. Kotun da za ta yanke maka hukunci tana zama ne a dakalin ƙofar masallacinku bayan la'asar, kuma a can ba a tambayar sashe, ana tambayar ɗan gidan wa ne. Ta fuskar addini kuma, malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, wannan ka zauna da malaminka ku warware. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama, da ta Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin juna. Ka yi wa Inna sallama kafin ka shigo da duniya inda take?

To, ga abin yi, kuma kada ka sauya jerin.

Daren yau ka sauke hoton. Abokanka da suke cewa kada ka goge, ba su ne za su bi ta gaban kaskon nan kullum da safe ba. Na san hoto a intanet zarar bunu ne, abin da aka kwafa ba zai dawo ba, amma naka shi ne tushe, kuma dangin yarinyar za su duba su ga ko ka cire. Shi wancan mai karɓar sadaka da sunan marayu, ka kai ƙarar shafinsa ga Facebook, ka sa abokan nan naka masu yawan shawara su ma su kai, ga aikin da za su yi maka. Sannan ka yi gajeren rubutu, babu hoto, babu suna, babu sunan unguwa: cewa ka ɗora wani hoto ba da izinin masu shi ba, ka yi kuskure, ka cire, duk wanda ya kwafa ya cire don Allah, kuma babu wanda aka wakilta ya karɓi kuɗi da sunansu. Layi huɗu ya isa. Kada ka mai da shi wa'azi, kada ka tsaya amsa masu sharhi.

Da safe ka sami mahaifinka. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na gane kuskurena, ina so a taimake ni a gyara." Ka miƙa masa kyamarar da hannunka ka ce ya ajiye. Ba zai fasa ta ba. Uban da ya ce zai fasa abu, yawanci so yake ya ga ko ɗansa ya ɗauki abin sama da maganarsa.

Abin da ya fi gaggawa ba fushin Inna ba ne, auren yarinyar ne. Dangin miji suna bukatar su ji daga bakin babban mutum cewa yarinyar nan ba ta san an ɗauke ta ba, ba ta tsaya wa kowa ba, babu wata alaƙa tsakaninku sai ta maƙwabtaka. Wannan saƙon ba kai za ka kai ba. Mahaifinka ne, ko shi da liman, ko mai unguwa in abin ya kai can. Kai kuma, ka ji ni da kyau, kada ka nemi yarinyar, kada ka aika mata saƙo ta waya ko ta hannun ƙawarta wai kana ba ta haƙuri. A halin da ake ciki, saƙo ɗaya daga gare ka zai tabbatar da duk abin da ake zargi.

Sai Inna. Kada ka tare ta a bakin kasko gaban masu saye, ka sa ta amsa maka dole don kunyar idon mutane. Ka bari ta tashi daga tuya, ta huta, da hantsi ko bayan isha. Mahaifiyarka ta shige gaba, ta yi sallama, kai ka tsaya a soro sai an ce ka shigo. Abin da za a riƙa a hannu, goro ne ko sabulu ko turmin atamfa na gudummawar biki, ka bar wa mahaifiyarka, ta fi ka sanin abin da ba zai zama cin fuska ba. Kuɗi a ambulan kam a'a, kada ta ga kamar an zo biyanta. Maganarka kuma gajeriya ce: "Inna, na yi miki laifi, na ɗauki hotonku ban tambaya ba, na jawo muku magana. Ki yafe mini don Allah." Ka tsaya nan. Kalmar "amma" ka bar ta a gida. Kada ka ce niyyarka alheri ce, kada ka ce mutane nawa suka yaba. In ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai har ta gama. In ta yi shiru, shirun ma amsa ce, ka tashi ka yi godiya. Gobe ka gaishe ta, jibi ka gaishe ta, ko ba ta amsa ba. Ƙosan gidanku kuma kada a koma sayensa wani wuri.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ka daina.

Gidan da aka haife ni yana da zaure na ƙasa mai baka biyu, da azara da hayaƙi ya mayar baƙa wuluk. A nan mahaifina yake ɗinkin hula da almajiransa. Da ya rasu aka raba gado, wanda ya saya ya rushe ya yi shaguna. Ina da hotonsa guda ɗaya, na sallah, a situdiyo, yana tsaye ƙiƙam gaban labule mai zanen jirgin sama, cikin babbar rigar da bai fi sau biyu yake sa ta a shekara ba. Wannan mutumin na hoton ban san shi sosai ba. Wanda na sani shi ne mai zama a buzu da allura a baki da tabarau ɗaure da zare, kuma shi babu wanda ya ɗauke shi, domin a lokacin ba a ga abin ɗauka a jikinsa ba. Da za a ce yau wani yaron unguwa ya taɓa ɗaukarsa a haka, wallahi da na bi shi har inda yake.

Kano tana canza kaya a kan idonmu. Wanda aka haifa bayan Janairun 2013, lokacin da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, bai san yadda bakin Bata yake cika da babura ba. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ta ƙasa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, wadda ake gani yanzu sabuwa ce. Kududdufan da muka taso muna jin kukan kwaɗinsu, da yawa an cike an yi gini. Ka shiga Gidan Makama ka dubi tsofaffin hotuna: sarakuna, dawakai, ƙofofi, sojojin Turawa. Ina mai ƙosan wancan zamanin? Ina ɗan garuwa, ina wanzami? Yau ma ranar Hawan Daushe kyamarori sun fi a ƙirga, haka marinar Ƙofar Mata, duk baƙon da ya zo sai ya ɗauka. Amma lungunku da ƙarfe shida na safe, kai kaɗai ne a wurin. Baƙo ba zai samu ba, domin shi sai ya nemi ɗan rakiya, kai kuwa an san kakanka. Wannan sanin shi ne jarinka, ya fi kyamarar tsada, kuma shi ne ka kusa ƙonawa a kan hoto ɗaya.

Ka ce in ka tambaya za su gyara zama hoton ya lalace. Wannan magana ce ta mai gaggawa. A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, da ya buɗe situdiyonsa a 1948. Duk wanda ke cikin hotunansa da ƙafarsa ya zo, ya ci ado, ya zaɓi yadda zai zauna, kuma yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen nuni na Faransa da Amurka. Bayansa aka yi Malick Sidibé, wanda matasan Bamako suke gayyata wuraren shagalinsu. Yakan kwana yana wanke hotuna, ya jera ƙanana a kan kwali, su zo shagonsa su duba su zaɓa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Italiya. Duk waɗanda ya ɗauka sun san yana nan, sabo ne ya sa suka manta da shi. Ga kuma Fati Abubakar a Maiduguri, wadda a 2015 ta fara ɗaukar rayuwar mutanen Borno ta yau da kullum, tana zama da su, tana rubuta abin da suka faɗa a ƙarƙashin hoton, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da ƙonannun gidaje.

Dabarar ita ce ka tambaya tun da wuri, sannan ka daɗe. Ka sami mai shayin bakin titinku ka ce, "Ina so in riƙa ɗaukar teburin nan, ka yarda?" Ranar farko zai gyara hula, ya riƙe kofi kamar mai tallar madara. Ɗauke shi a hakan, ka nuna masa, ku yi dariya. Ka dawo gobe, ka sha shayinka, ka biya. Kafin sati biyu zai koma sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi yana faɗa da yaronsa a kan burodi, ya manta da kai sarai. A nan hotonka yake. Kuma ka rataya kyamarar a fili kowa ya gani. Mai ɗauka daga ƙarƙashin riga, ko a unguwarsu, ɗan leƙen asiri ake ɗaukarsa.

Izini kuma iri biyu ne, a nan mutane da yawa suke zamewa. Akwai na ɗauka, akwai na yaɗawa. Wanda ya ce "ɗauke ni" bai ce "sa ni a Facebook" ba. Ka nuna masa hoton a fuskar kyamara, ka faɗa masa a fili inda za ka sa da kuma cewa har mutanen garinsu za su iya gani. Ka kula da wannan musamman wajen 'yan garuwan da ka ambata. Da yawansu 'yan ci-rani ne. Wani zai yi murna ya tura wa matarsa. Wani kuma a ƙauyensu an san shi da "yana kasuwanci a Kano", bai taɓa faɗa wa kowa kura yake turawa ba, kuma ba kai ne za ka faɗa ba. In mutum ya ce a'a, ka ce "to, na gode", kada ka roƙa. In ya yarda yau ya dawo bayan wata ya ce a cire, ka cire ba tare da ɓata rai ba.

Sannan ka riƙa wankewa kana mayar musu. Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe. Hoto ɗaya a takarda, ka kai wa tela ya liƙa a bangon shagonsa, ya fi yabon baƙi dubu amfani a wurinka. Mutanenmu suna zargin masu kyamara da cewa sayar da su ake yi a waje, kuma zargin ba na banza ba ne, sun sha ganin an zo an ɗauka an tafi, ba su sake jin ɗuriyar hoton ba. Ranar da aka ga kai naka yana dawowa gida, kiranka za a riƙa yi. In kuma wata rana wani ya sayi hoton, mai fuskar yana da rabo a ciki, ka kai masa ba sai ya tambaya ba.

Almajirai: iyayensu suna nesa, yaro kuma ba ya ba da izinin kansa, don haka malaminsu za ka tambaya. Kuma don Allah ka raba mu da hoton yaro da robar bara, duniya ta ƙoshi da shi. Ka je da asuba lokacin da aka hura wuta ana karatu, ka ɗauki allo da tawada da hannun da ke rubutu. Matan aure da 'yan mata kuwa, a matsayinka na saurayi, ka ɗauke kyamararka daga fuskarsu, sai in gidansu ne suka kira ka. Ba asara ka yi ba. Wani mai hoto ɗan ƙasar nan, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, kuma da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, babu fuska. Da ka durƙusa a gefen murhun Inna, da izininta, ka ɗauki hannunta da matsami yana tsamo ƙosai daga mai, hayaƙi na ratsa hasken safiya, da duk ɗan lungunku ya gane hannun wa ne, baƙo kuma bai sami abin yi da shi ba. Wa ya sani, watakila ma ya fi wanda ka yi kyau.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su: ka nisanci ofishin 'yan sanda da shingen jami'an tsaro, ka kashe alamar wuri a wayarka, kada ka rubuta sunan lungu. Shafinka zaurenka ne, duk wanda ya shigo ya yi rashin kunya a ƙarƙashin hoton maƙwabcinka ka share maganarsa ka kore shi, in ba ka da lokacin gadi ka rufe wurin sharhin. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta rana da wuri da sunan wanda ka ɗauka, ka ajiye hotunan a wuri biyu. Nan da shekara 30 littafin nan zai yi daraja kamar hotunan.

Kyamarar kuma ka bar ta a hannun Baba wata guda, kada ka tambaya. In ƙura ta lafa, ka zaɓi hotunan tsofaffin dakali guda uku ko huɗu daga cikin na baya, waɗanda abokansa ne, ka wanke ka ajiye masa kusa da buzunsa ba tare da dogon bayani ba. Ina kyautata zaton shi da kansa zai kai majalisa, kuma daga can za a aiko a ce wane ya ce shi ba a yi masa nasa ba.

Shi kuwa hoton da ya jawo rigimar, ka wanke guda ɗaya tak, ka sa a ambulan ka ba mahaifiyarka ta ajiye a ƙasan akwati. Bayan biki, in ta ga fuskar Inna ta saki, ta nuna mata su biyu a ɗaki. In Inna ta ce tana so, nata ne. In ta ce a ƙona, a ƙona a gabanta, kai ma ka goge na wurinka. Ranar bikin kuma ka je ɗaurin aure hannu rabbana kamar kowa, ka taya jera tabarmi. Kada ka kai kanka da kyamara sai in daga cikin gidan aka aiko.